Mudun Awon Waƙa da Wasa: Sharhi a Kan Abin da Ɗalibanmu Suka Gabatar a Walima

 

'Yan uwa mazauna Sabo, kowace sana'a da kalmominta, kuma wanda bai san su ba a hannun mutane yake. Mutumin da ya shiga rumfar goro bai san ƙwarya ba, bai san huhu ba, bai iya raba daushe da sabon goro ba, bai taɓa jin an ce sankara ba, to iyakarsa ya ce "wannan yana da kyau" ko "wannan bai yi mini ba". In an tambaye shi dalili sai ya yi shiru. Ba zai iya taya kaya ba, ba zai iya kushe su da hujja ba, balle ya koya wa yaronsa. Waƙa da wasan kwaikwayo ma haka suke. Suna da mudunsu da sikelinsu, kuma kowane ma'auni da sunansa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne walimar saukar Alƙur'ani da ɗaya daga cikin Islamiyyun unguwar nan ta yi a watan jiya, inda ɗalibai suka rera waƙa a kan ilimi, suka kuma yi wasan kwaikwayo a kan amana. Tun ranar ake ta muhawara a majalisu da bakin shaguna. Wasu sun ce ba a taɓa yin irinsa a Sabo ba, wasu sun ce akwai gyara, amma da ka ce ina gyaran yake sai a ce maka "kai dai akwai". Yaran nan kusan wata biyu suka yi suna wahala. Haƙƙinsu ne a gaya musu inda suka dace da inda suka kauce, a kuma gaya musu da kalmomin da za su riƙe su yi aiki da su baɗi. Ba za mu ambaci sunan kowa ba, aikin muke dubawa.

Ginin waƙar

Layi ɗaya na waƙa shi ake kira ɗango. Idan ɗangwaye suka haɗu suka tashi dunƙule guda, sun zama baiti. Kalmar baiti Larabci ce, ma'anarta ɗaki, kuma malaman Larabawa daga tantin makiyaya suka aro sunayen sassan waƙa, har akwai abin da suke kira igiya da abin da suke kira turke. Wato a wurinsu baiti gini ne, in turke ɗaya ya tuge sai ɗakin ya karkace. Waƙa mai ɗango ɗaiɗai ana ce mata gwauruwa, mai bibbiyu ƙwar biyu, haka har zuwa ƙwar biyar.

Akwai kuma tahamisi, wato wani ya ɗauki waƙar wani mai ɗango biyu, ya ɗora ɗango uku nasa a kan kowane baiti, ta koma biyar-biyar. Wannan ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Ishiriniyar da muke karantawa a watan Maulidi asalinta ta Alfazazi ce, mutumin Andalus da ya rasu a 1230, wani malami kuma, Ibnu Mahib, ya yi mata tahamisi. A ƙasarmu ma, Shehu Usmanu ya yi Tabban Haƙiƙan da Fillanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi.

Waƙar ɗalibanmu ƙwar biyar ce, baiti ashirin da biyu, kuma ba mu ji baiti ko ɗaya da ya zo da ɗango huɗu ko shida ba. Wannan abin yabo ne, don manya ma sukan yi tuntuɓe a nan. Ta zo da mabuɗi, wato farawa da sunan Allah da salati, ta zo da marufi na addu'a. Da an ƙara abin da magabata suke yi, mawaƙi ya faɗi sunansa a baitin ƙarshe, ya sa ramzi, wato shekarar da aka yi waƙar cikin lissafin haruffan abajada, da takardar ta zama tarihi ga 'yan baya.

Amsa-amo

Abin da muka karanta a zaure da sunan ƙafiya, shi malaman Hausa na jami'a suke kira amsa-amo. Sautin da ɗangwaye suke ƙarewa da shi ke nan. A ƙwar biyar iri biyu ne. Ƙaramin amsa-amo yana ƙarshen ɗangwaye huɗu na farko, kuma yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. Babban amsa-amo yana ɗango na biyar, shi ba ya sauyawa har waƙa ta ƙare. Shi ya sa ake kiran Burda ta Busiri da mimiyya, don da harafin mimun kowane baitinta yake rufewa. Waƙar Sa'adu Zungur ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya a kan "ya" take tafiya, tun daga sunanta ma za ka ji.

Yaranmu sun zaɓi "mi". Zaɓi ne mai kyau ga waƙar ilimi, don malami da alƙalami da jarumi da Musulmi da azzalumi duk suna nan suna jira. Har baiti na goma sha biyu abin yana tafiya daidai. Daga nan sai jaka ta ƙare. Kalmar ilimi ta rufe baiti huɗu a jere, sannan baiti biyu suka rufe da "makaranta" da "duniya", waɗanda ba su da dangantaka da "mi" ko ta nesa. Maimaita kalma guda da ma'ana guda a ƙafiya kusa da kusa aibi ne, malaman aruli suna kiransa iɗa'i. Sakin ƙafiyar gaba ɗaya kuwa ya fi shi muni, kamar mai awo ne ya fara da mudu ya ƙare da gwangwani.

Maganin abin mai sauƙi ne. Kafin ka zaɓi amsa-amo, zauna ka jera kalmomin da ke ƙarewa da shi. In sha biyu ka samu, yi baiti sha biyu ka rufe. Ba a raina waƙa don gajartarta. Wanda yake son ya ga yadda ake wadata da ƙafiya, ya nemi Fasaha Aƙiliya ta Alhaji Aƙilu Aliyu, ya ga yadda mutum yake tono kalmomi daga lungunan Hausa.

Kari, inda babban aikin yake

To, ga inda muke son a tsaya a saurara. Waɗanda suka ce "akwai gyara" suka kasa nuna wurin, mafi yawa karin waƙar ne ya dame su. Kari shi ne ma'aunin da ɗangwaye suke tafiya a kai, wanda ke sa ka ji waƙa tana taku kamar doki mai tafiya daidai. Ilimin da ke auna shi ana kiransa aruli. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra a ƙarni na biyu na Hijira, shi ya tsara shi, ya fitar da ma'auni goma sha biyar, Ahfash ya ƙara na sha shida. Kowane ma'auni ana ce masa bahari, kamar ɗawili da basiɗi da kamili da mutaƙarabi.

Me ya sa awon Larabawa ya zauna wa Hausa daram? Saboda harsunan biyu duk suna raba gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "mu" a cikin Musulmi. Mai nauyi kuwa ko dai wasalinta dogo ne, kamar "ka" a cikin kasuwa, ko tagwaye ne kamar "kai", ko kuma baƙi ya rufe ta kamar "sul". Ku gwada da bakinku. Musulmi: gajera, doguwa, doguwa. Wannan ita ce ƙafar da ake kira fa'ulun, wadda in an jera ta ake samun mutaƙarabi. Malami: doguwa, gajera, doguwa, wato fa'ilun. Almajiri: doguwa, doguwa, gajera, doguwa, wato mustaf'ilun. Yanzu ku haɗa ku ce "almajiri, malami", ku maimaita kuna buga hannu a gwiwa. Takun basiɗi ke nan kuka ji, baharin da aka gina Burda a kai. Kun ga ashe abin ba a Bagadaza yake ba, yana cikin bakinmu.

Waƙar walima ba a auna ta haka ba. An ɗauki muryar wata waƙar fim aka zuba mata kalmomi. Ɗora waƙa a kan karin wata ba laifi ba ne, marubutanmu da yawa sun ɗora nasu a kan karin makaɗan baka. Sharaɗin dai shi ne gaɓa mai nauyi ta faɗa gurbin mai nauyi. In ba haka ba, dole mai rerawa ya ja abin da ba a ja, ko ya haɗiye abin da ba a haɗiyewa. A baiti na bakwai an so a ce ilimi fitilar gari ne. Murya ta bukaci doguwar gaɓa a wurin, sai mai rerawa ya ja "ga", gari na mutane ya koma garin da ake jiƙawa da ƙuli. Tsofaffin da ke layin gaba sun yi murmushi, yara kuwa ba su san abin da ya faru ba.

Wannan rashin sanin shi ne abin tsoro, kuma ba laifin yaran ba ne. Yaron da aka haifa a nan Badun, yana tashi da Yarbanci a titi, Turanci a makarantar boko, Hausar gida kuma ta aike ce da kiran cin abinci. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali. Gari da gari ɗaya ake rubuta su, haka dafa abinci da dafa kafaɗa, haka fara mai tashi da farar riga. Ajamin da iyayenmu suke rubuta wasiƙun fatauci da shi yana nunawa, don alif ko wawu ko ya suna biyo dogon wasali. Mun saki ajami, ba mu kuma zauna mun karanta wa yara Hausa da murya ba. Ko takardar da aka raba a walimar an buga ta ba ƙugiya, maraba da baƙi ta koma maraba da baki.

A tuna Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne tun yana yaro. Bai taɓa ganin ɗango a takarda ba, amma har yau almajirai da malaman jami'a suna rera baitocinsa ba tuntuɓe. Kari a kunne yake. Yaron da kunnensa bai sha waƙar Hausa ba, ko ya haddace sunayen baharai goma sha shida ba zai auna ɗango ɗaya ba.

Jigo da adon harshe

Duk wanda ya taɓa noman lambu a Arewa ya san jigo, itacen da ake kafawa a bakin ruwa a ɗaura masa guga. Shi ke ɗauke da nauyin aikin duka. Jigon waƙa shi ne babban saƙon da komai ya rataya a kansa. Wurin da mawaƙi ya fito fili ya faɗi abin da zai yi magana a kai shi ne furucin jigo, yadda ya bi shi daki-daki kuma warwarar jigo. Yaranmu sun furta jigonsu tun a baiti na uku, madalla. Amma daga baiti na sha huɗu zuwa na sha takwas sai aka koma tsadar shinkafa da rashin wutar lantarki da halin 'yan siyasa. Duk gaskiya ne, duk muna fama da su. Sai dai ƙaramin jigo yaron babban jigo ne, dole ya yi masa aiki. Da an nuna yadda tsadar take fitar da yaro daga aji zuwa tura baro a Bodija, da ta zauna.

Adon harshe shi ne abin da muka karanta a balaga, sunaye ne kawai suka sauya. Tashbihi shi ne kamantawa, inda za ka ji "kamar" ko "tamkar". In aka jefar da "kamar" aka ce wane zaki ne kai tsaye, an shiga siffantawa. In aka ba abin da ba mutum ba halin mutum, a ce alƙalami ya yi fushi, mutuntarwa ke nan. In aka mai da mutum dabba, dabbantarwa. Mubalaga ita ce kambamawa. Kinaya kuwa ka faɗi alamar abu ka bar mai ji ya gano abin. Balarabe yakan ce wane mai yawan toka ne, yana nufin mai karamci, don gidan da ake yawan girki shi ke tara toka. Mu ma in muka ce tukunyar wane ba ta sauka daga murhu, an gane.

Mun ƙirga, sau shida waƙar ta ce ilimi haske ne, sau huɗu jahilci duhu ne. Maganar daidai ce, amma ta sha hannu kamar tsohuwar naira, kunne ba ya tsayawa a kanta. Sai a baiti na goma muka ji abin da ya sa muka gyara zama. An kamanta karatu da huhun goro: in ba a kwance shi ana dubawa, ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince wanda sankara ta taɓa ba, sai ranar da aka buɗe a tarar da asara. Wallahi wannan baiti ya fi sauran duka. Duk mahaddacin da ya bar tilawa ya san abin da ake nufi, duk ɗan kasuwar da ke wurin ya ji a jikinsa. Wanda ya yi wannan baiti ya duba rumfar ubansa ne ya ɗauko, bai ara daga bakin kowa ba. Mawaƙi ne, a riƙe shi da kyau.

Wani abin yabo kuma, akwai wuraren da magana ba ta ƙare a ɗango ɗaya ba sai ta zubo cikin na gaba. Wannan shi ake kira gangara, in kuma ta tsallaka daga baiti zuwa baiti, saɓi-zarce. Gangarar ta hana waƙar zama kamar jerin kayan lefe.

Wasan kwaikwayon

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, ga labarin. Wani baƙo mai shanu ya sauka wurin mai gidansa a Sabo, ya sayar, ya bar kuɗinsa ajiya zai je ya dawo. Ɗan mai gidan ya ɗebi kuɗin ya zuba a cacar ƙwallo ta waya, suka tafi. Baƙo ya dawo. Wanda ya zaɓi wannan labari ya san unguwarsa. Tun da aka kafa Sabo, cinikin shanu da goro a kan amanar mai gida yake tafiya, ba takarda ba lauya. In ta karye, gidan ya mutu.

Wasa ana raba shi kashi-kashi, kowane kashi kuma fitowa-fitowa. Fitowa takan sauya in wuri ko lokaci ya sauya. Namu kashi uku ne, fitowa bakwai, kuma an raba su da hankali. Tauraro shi ne wanda labari ya rataya a wuyansa. Mutane da yawa sun ɗauka yaron ne tauraro, mu kuwa muna ganin uban ne, don shi aka sa a tsaka mai wuya: ko ya tona asirin ɗansa, ko ya karɓi sunan maciyin amana bayan shekara talatin yana saukar baƙi. Wannan shi ake kira ƙulli ko rikicin wasa, kuma in babu shi hira ce ake yi a kan dandamali. Inda ƙullin ya kai matuƙa, numfashin 'yan kallo ya tsaya, nan ne ƙololuwa. Yadda aka kwance shi kuma warwara.

Fitowa ta biyar ita ce ƙololuwar, kuma ta yi kyau ƙwarai. Uban shi kaɗai a ɗaki, ya zazzage jakar ajiya ba komai, yana magana da kansa. Wannan shi ne zancen zuci, hanyar da wasa yake buɗe mana cikin mutum. Sai uwar ta shigo da ruwan alwala, ta gan shi, ta ajiye buta ta fita ba ta ce uffan ba. Mun gane ta sani. Shirun nan ya fi magana ɗari, kuma yarinyar da ta yi shi ta iya.

Warwarar ce ta zubar da kayan. A fitowa ta bakwai sai ga wani malami da ba mu taɓa gani ba tun farkon wasan, ya shigo da carbi ya yi wa'azi na kusan kwata guda. Yaro ya fashe da kuka ya tuba, baƙo ya ce ya yafe kuɗin shanunsa duka, aka tashi. Jama'a, a wace Sabon? Wane mai shanu ne zai bar dukiyar garke, wadda wataƙila ma ba tasa ba ce shi kaɗai, don an yi kuka? Mu da muke ɗan taɓa limanci ba za mu raina wa'azi ba, kuma abin da malamin wasan ya faɗa duk daidai ne. Amma wa'azi yana da mumbarinsa. Wasa da nuni yake wa'azi. Dole warwara ta fito daga cikin mutanen da suka ƙulla rikicin. Da an nuna uban ya sayar da rumfarsa ya biya, yaron yana tsaye yana kallon ana cire allon sunan gidansu, ko an nuna yaron yana dako shekara biyu yana biya kaɗan-kaɗan, da babu saurayin da zai fita daga wurin bai taɓa wayar aljihunsa da fargaba ba. Yadda aka yi kuwa, darasin da yaro zai ɗauka shi ne: ci amana, yi kuka, a yafe.

Ku duba tashen da yara suke yi a watan azumi. Suna kwaikwayon mai maganin gargajiya, ko miji da mata, ko tsoho mai kwaɗayi, a yi dariya, kowa ya gane da wa ake. Ba wanda yake fitowa a ƙarshe ya yi fassara. Masana sun raba wasa gida biyu, mai ban tausayi da mai ban dariya, kuma ana iya gauraya su. Namu ya taso a mai ban tausayi, aka ji tsoron ƙarasa shi.

Harshen 'yan wasa

A wasa mai kyau, ko ka rufe ido ka san wa ke magana. An yi ƙoƙari a nan. Baƙo da Sakkwatancinsa, uba da Hausar dattawan Sabo, yaro da tasa mai gauraye da Turanci da Yarbanci. Wannan bambanci shi kansa labari ne, ya nuna tazarar da ke tsakanin uba da ɗa ba tare da an faɗa ba.

Amma akwai fitowar da ba mu ji daɗinta ba, ta direban nan Bayarabe. Ba shi da aikin komai a labarin, an shigo da shi ne kawai don ya karya Hausa a yi dariya. A nan ya kamata a san bambancin zambo da habaici. Habaici jifa ne a kasuwa, ba a kama suna, mai hali ya tsargu. Zambo kuwa a nuna mutum a fili a muzanta siffarsa. Abin da aka yi wa direban zambo ne, kuma ba shi kaɗai ya sama ba. A cikin rumfar nan akwai maƙwabtanmu da muka gayyata, akwai iyayen ɗalibai mata waɗanda Yarbawa ne, 'ya'yansu suna cikin masu sauka. Wani zai ce ai Samanja ma da Hausar bariki ya yi suna. Haka ne, amma marigayi Usman Baba Pategi ya ba Samanja hali da zuciya da mutunci, shi ne ma tauraron. Muna dariya tare da shi ne. A ba direban nan aiki a labarin, ko da shi ne zai ga yaron a shagon caca ya rasa yadda zai gaya wa uban, sai karyayyiyar Hausarsa ta zama abin tausayi da ƙauna.

Tun da mun ambaci maƙwabta, mu duba wani abu a wurinsu. Yaron Bayarabe ya san oriki, wanda ya yi kama da kirarinmu, ya san ijala ta mafarauta, ya san ewi. Ya san sunayen kayan gidansu. Namu yaron in ka ce masa amshi, wato abin da 'yan amshi suke maimaitawa bayan jagora, ko ka ce masa ɗango, sai ya zuba maka ido. Alhali waɗannan kalmomi ana tambayarsu a takardar Hausa ta WAEC da NECO, ga wanda ya samu malamin da zai koya masa.

Abin da muke ba da shawara

Ba kuɗi mai yawa abin yake bukata ba. Islamiyyunmu su ware rabin sa'a a mako, a karanta rubutacciyar waƙar Hausa da murya, yara suna buga hannu suna raba doguwar gaɓa da gajera. Wanda zai rubuta waƙa ya rubuta ta da boko da ajami gefe da gefe, ajamin zai tona masa inda ya karya. Kafin a hau dandamali, a kai ta gaban tsofaffin da suke karanta Ishiriniya, maza da mata, su saurara. Ba su san sunan fa'ulun ba wataƙila, amma in ɗango ya yi ɗingishi za ka gani a fuskarsu.

Littattafai kuma suna nan. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya yi Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, inda yawancin kalmomin nan suke da bayani. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi Jagoran Nazarin Waƙar Baka. Na wasa akwai Uwar Gulma ta Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu ta Shu'aibu Maƙarfi. Motocinmu kullum suna hanyar Kano da Zariya. Mai gida ɗaya ya sa a saƙo su a gaban mota, an gama. Muna kira ga masu hali a cikinmu, wannan ma sadaka ce mai gudana.

Ga malaman da suka shirya yaran nan, Allah Ya saka muku da alheri, kun yi abin da da yawanmu ba mu yi ba. Ga ɗalibai kuma, 'ya'yanmu, kada wannan sharhi ya karya muku gwiwa. Ba a tsayawa taya kayan da ba su da daraja. Ku gyara baitocin nan shida na ƙafiya, ku sake auna na bakwai, ku sake rubuta fitowa ta ƙarshe, ku kawo wa mujallar nan. In mai gyara ya ba da fili, a buga kowa ya gani.

Allah Ya albarkaci karatun da aka sauke, Ya sa Alƙur'ani ya cece mu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.